Hannun da Sumana Ya Dafa Ƙasa da Shi

Masu karatu, na ga saƙonninku, har da na wata baiwar Allah daga Maraɗi da ta rubuto mini cewa, "Ajuma, ki haƙura da ɗan kokowar nan mana, maza sun cika gari." Na gode, 'yar'uwa, Allah ya bar zumunci. Maza sun cika gari kam, ban musa ba. Ni dai guda ɗaya idona ya gani, kuma shi ɗin ne ya ɗaure kayansa zai bar mini garin.

Waɗanda yau suka fara leƙowa, ku matso in gaya muku ko ni wace ce. 'Yar Gaya ce ni, nan bakin kogi, inda in ka hau tudu kana hango rufin gidajen Malanbil a ƙasar Benin. Ina da 'yar rumfa kusa da inda 'yan kabu-kabu suke tsayawa. Ba atamfa nake sayarwa ba, ba kuma kifi ba. Tele, wato talabijin, nake naɗa. Akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce babban yatsana ba, ina cusa ta a gefen ordinater, wato kwamfuta, wayar anten, eriya ke nan, ta shiga bayanta, sai abin da tele take watsawa ya zubo cikin lojisiyel ɗina, manhajar da nake naɗi da ita, in adana shi. Matan ƙauyukan Bana da Yelu ranar kasuwa suke zuwa da katunan portabul ɗinsu, wato wayar hannu, in zuba musu wasan kwaikwayo da wa'azi da kiɗa. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar iyaka, kuran, wato lantarki, ya koma sai ya ga dama yake zuwa, ni kuwa cinikina ya ƙaru, don duk wanda wuta ta ɗauke masa a tsakiyar shiri wurina yake zuwa neman ƙarshensa.

Shi kuwa Sumana ɗan kokowa ne, kuma a hannun mahaifina ya koya. Dogo ne, baƙi, sai ya karkata kafaɗa yake shiga ƙofar zaurenmu. Da rana yana sauke buhuna daga kwale-kwale a bakin kogi, da yamma yana fili. Mutumin da ƙarti suke kauce wa hanya, amma in ya zo zance wurina sai na ce masa ya ɗaga murya, kansa a ƙasa yana wasa da igiyar takalminsa. Danginsa sun riga sun kawo goro, an karɓa. Inna har ta fara tara kwanoni ƙarƙashin gado tana zaton ban gani ba.

Mahaifina, Baba Siddo, a zamaninsa ba a kaɗa gangar kokowa daga nan har Karakara ba tare da an ambaci sunansa ba. Wata shekara bayan girbi, a filin Yelu, wani ya ɗaga shi ya sauke shi a kan wuyansa. Ban ga ranar ba, ba a haife ni ba. Abin da na tashi na tarar shi ne wuyan Baba a karkace wajen dama, hannunsa na hagu a rataye, Inna ce take zura masa shi cikin riga. Tun daga lokacin bai ƙara hawa babur ba, girgiza tana tayar masa da ciwon har ya kwana biyu yana nishi. Iyakarsa masallacin ƙofar gida.

Duk yaron da ya zo koyo wurinsa, kafin ya nuna masa kamu ko ɗaya sai ya kafa masa doka: in an kayar da kai, ka tashi ka kaɗe ƙasa ka kama bakinka. Ba "santsi ne", ba "alƙali ne", ba "ai da na yi kaza". Wanda ya buɗe baki ya yi wa faɗuwarsa bayani, kada ya ƙara tako masa zaure. Ku riƙe wannan, don ita ce ta jiƙa mana aiki.

Ranar da aka yi kokowar zaɓe a Dosso, ta fitar da waɗanda za su tsaya wa jiharmu a neman takobin sarkin kokowa na ƙasa, tsakar gidanmu ba masaka tsinke. An fito da tele an ɗora a kan turmi, an haɗa ta da batir. Karon ƙarshe, Sumana ne da wani Abdu ɗan Karakara. Muna kallo Sumana ya shiga ƙarƙashinsa, ya cicciɓe shi, ƙafafun Abdu sun bar ƙasa, Inna ta riga ta ɗaga hannu za ta rangaɗa guɗa.

Kun san halin tele ta yanzu. Ta dā in ta yi rauni yayyafi take yi, kana ganin mutane dishi-dishi. Ta yanzu ba ta san dishi-dishi ba: ko hoto tas, ko ya farfashe ƙwaya-ƙwaya ya daskare. Haka ta yi mana. Hoto ya daskare da Abdu a sama. Aka yi ta jijjiga waya, aka yi ta salati. Da ya dawo, sai ga Sumana durƙushe, hannu a ƙasa, gwiwa a ƙasa, mutanen Karakara sun cika fili da tsalle. Na ruga rumfa na duba abin da nake naɗa a ordinater, shi ma daidai wurin ya tsinke, tunda tasha ɗaya muke kamawa. Na zaga unguwa ina tambaya. Duk Gaya a wurin nan hoto ya tsaya.

Waɗanda suka je Dosso suka dawo da bakinsu cike. "Ya riga ya gama da shi. Kawai sai muka ga ya saki, ya dafa ƙasa da kanshi." Kafin gari ya waye magana ta zama ɗaya daga kasuwa har bakin kogi: an saye shi.

Baba ya aika aka kira shi. Ina bayan ƙofar zaure, kunnena a jikin katako.

"Sumana, mi ya faru a Dosso?"

"Na faɗi, Baba."

"Na san ka faɗi, duniya ta gani. Mi ya faru nike tambaya."

Ina jin ƙarar tasbahar Baba.

"Na faɗi, Baba."

A zuciyata ina ihu: ka yi magana mana, kai wane irin mutum ne! Bai yi ba. Da yamma Baba ya sa aka ɗauki ƙullin goron nan, da ganyensa da igiyarsa, aka mayar gidansu Sumana. Ya ce shi ba ya ba da ɗiyarsa ga wanda ya sayar da bayansa. Ranar na yi kuka har kallabina ya jiƙe, ba zan ɓoye muku ba.

Daga nan sai Gwaggo Salamatu ta tare a gidanmu. Ƙanwar Baba ce, mai soya kifi a bakin tasha, mace mai jiki da murya, in ta yi raɗa ana jinta a gida na uku. Kullum da safe tana zaune a kan tabarmata da kofin koko.

"Ke Ajuma, kala suru, haƙuri za ki yi. Yaron ga ya zubar da mu. Jiya wata 'yar Karakara ta zo sayen kifi tana yi mini dariya da gefen baki, saura kaɗan in watsa mata mai. Ki share shi. Ke da kike da sana'a a hannu, wa zai ƙi ki?"

"Gwaggo, kin ga lokacin da ya karɓi kuɗin?"

"Sai na gani? Gari duka shina faɗi."

"Gari duka hotonshi daskarewa ya yi, Gwaggo."

Ta harare ni ta kurɓi kokonta.

Na yi ta tura wa Sumana saƙo. "Don Allah ka gaya mini ni kaɗai." Ya karanta. Na sake turawa: "Ba zan faɗa wa Baba ba, wallahi." Sai can ya rubuto: "Ki yi haƙuri Ajuma. A zauren na koya." Na jefa wayar a kan katifa, na sake ɗauka, na sake karantawa.

A bakin kogi abokan aikinsa suka daina ci da shi a kwano ɗaya. Yara suna binsa suna dafa ƙasa da hannu suna dariya. Ranar Juma'a saƙonsa ya shigo ina tsakiyar zuba wa wata mata wa'azi a kati:

"Na samu wuri a kamiyon da za ya tahi Agadas, daga can in wuce wurin haƙar zinariya. Lahadi bayan la'asar. Ban so ki ji a bakin wani."

Masu karatu, kun san waɗanda suke tafiya can. Wasu suna dawowa da babur sabo, wasu sai dai labari ya dawo. Na tsaya ina kallon wayar har matar ta ce, "Ɗiyata, lahiya?" Na ce mata lafiya lau. Ina ɗaga kai, a 'yar telen rumfata, rubutu yana gudu a ƙasan hoto: za a maimaita kokowar Dosso ranar Lahadi bayan azahar.

Ban rubuta masa "kada ka tafi" ba. Na san shi, ba zai ji ba. Na rufe rumfa na zauna na yi tunani irin na aikina.

Abu biyu ne za su iya kayar da ni. Na farko rauni: a cikin gari, tsakanin gidaje da bishiyoyi, anten ba ya samun ƙarfi, ko'ina hoto zai iya sake tsinkewa. Maganin wannan tudu ne, can bayan gari, inda ba abin da ya tare. Na biyu kuwa ba wanda yake da maganinsa: a wannan zamani ana tsakiyar shiri sai a yanke, a sa taken soja, wani hafsa ya fito da takarda ya karanta sanarwa. Ba mai sanin ranar, ba mai sanin sa'ar. Amma na lura da wani abu a zaman rumfa. Wani lokaci in an yanke tasha ta farko, sai a tura shirin ya ci gaba a 'yar'uwarta ta biyu, ba tare da an sanar da kowa ba.

To, tashoshin nan ba daban-daban suke zuwa ba. Tare suke tahowa cikin iska, kamar kwale-kwale da yawa a kogi ɗaya. Akwatin tele guda yake tsamowa ya nuna maka, sauran su wuce. Lojisiyel ɗina ma kullum guda nake ce masa ya tsamo, saboda cikin ordinater ɗina ƙarami ne. Amma yana da wani ɗan gurbi da in ka danna, sai ya kwashe kogin gaba ɗaya, duk tashoshin a lokaci guda. Sai dai yana cin wuri kamar me. In ina son wuri, dole in share abin da yake ciki.

Abin da yake ciki kuwa shi ne jarina. Wasannin da na yi shekara biyu ina tarawa, waɗanda ba a ƙara nunawa, waɗanda matan Bana suke hawo amalanke saboda su. Na duba faifan ajiyata na waje, shi ma cike yake maƙil. Na zauna ina kallon sunayensu a jere. Na ce bismillahi, na zaɓe su duka, na danna. Ordinater ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce masa kai ma ka shiga sahun Gwaggo ke nan. Na sake dannawa.

Ranar Lahadi na yi wanka na ɗaura atamfar nan shuɗiya mai zanen ganyen rake, wadda Sumana ya sayo mini a Malanbil tun gada tana buɗe. Na ɗaura kallabinta, na yafa farin mayafi. Na sa ordinater a jaka, na kwance anten daga kan rumfa na ɗaure shi a kan doguwar gora, na ɗauki ƙaramin batir na pano mai caji da rana. Ina fitowa da kayan nan sai ga Gwaggo a ƙofa, cikin bubunta ja mai warin man kifi.

"Ina za ki da gora tsakar rana kamar mai kaɗo mangwaro?"

"Tudu."

"Tudu! Ke kaɗai? Da waya da ƙarfe a sama, kina fuskantar iyaka, a zamanin ga? So kike a ce ɗiyar Siddo tana aika wa 'yan waje labari? Maza koma ciki."

"Gwaggo, ko ki kauce ko ki biyo ni. Yau ko Baba ne ya tsaya nan, sai na roƙe shi gafara na wuce."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta ja tsaki, ta gyara ɗaurin zane, ta fizge gorar daga hannuna.

"Kawo nan. Ba don ke ba, don kada a ce ba ki da manya."

Duk hawan tudun nan bakinta bai huta ba. Gwiwoyinta, kifinta da ta bar wa maƙwabciya, 'ya'yan zamani da ba su jin magana. Muka kai ƙarƙashin wata giginya, na shimfiɗa mayafina a kan dutse na ɗora ordinater, na cusa na'ura, na haɗa waya. A jikin lojisiyel akwai wani ɗan layi mai nuna ƙarfin abin da yake shigowa. Ja ne.

"Gwaggo, ɗaga sama. Juya wajen hanyar Dosso. Kaɗan. A'a, kin wuce, dawo."

"Ni kike juyawa kamar waina?"

"Dawo kaɗan. Tsaya! Nan!"

Layi ya koma kore ya cika. Hoto ya fito tas, har ana ganin zufar makaɗa. Na danna gurbin nan na kwashe duka, na danna naɗi. Lambobi suka fara hawa.

Ba a jima ba muka ji takun takalmi. Wani soja ne, bindiga a kafaɗa, ya hawo daga wajen hanya.

"Madam, mi kuke yi nan da wannan?"

Kafin in buɗe baki Gwaggo ta amsa, gora a sama, ko motsi ba ta yi ba. "Ɗana, kokowa muke kamawa. In tambaya gare ka, yi ta daga can, kada ka gitta gaban ƙarfen ga. In hoton ga ya tsinke, ni da kai ne."

Ya zagayo ta baya ya leƙa. Ya ga fili, ya ga 'yan kokowa suna rawa da layu. Ya ɗan tsaya, ya tambaya ko ta Dosso ce, na ce ita ce. Ya ce mu gama mu sauka, kada la'asar ta same mu a nan. Ya juya ya tafi, yana waiwayen hoton.

Aka yi karo na farko, na biyu, aka yi ta yi. Hannun Gwaggo ya fara rawa, ta jingina gindin gorar a cikinta, zufa tana bin wuyanta, amma ba ta sauke ba. Sai ga mai shela ya kira sunan Sumana na Gaya. Ya fito yana taku a hankali, warkin da Baba ya ba shi a ƙugunsa. Suka sunkuya, suka kama.

Sai hoto ya ɗauke. Tuta ta fito. Taken soja ya tashi.

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo ta yi ƙara. "Yanzu? Yanzu suka ga damar magana? Shi ke nan, mun sha rana a banza." Ta fara sauke gora.

"Kada ki sauke! Gwaggo, don girman Allah kada ki motsa!"

"Ke makauniya ce? Ba ki ga mutum da takarda ba?"

"Na gan shi. Ki riƙe dai."

Ban taɓa komai ba. Tsoro nake kada in je leƙa tasha ta biyu ordinater ya sarƙe, tsoho ne, in ya yi nauyi tsayawa yake yi. Na ƙura wa lambobin ido suna hawa, wuri yana raguwa. Hafsan ya yi ta karatu da Faransanci, ni ban ji ko kalma ɗaya ba, bakina sai addu'a yake. Ban san ko an tura kokowar can ba. Wataƙila na share jarina don in naɗi sanarwa da tallar sabulu. Haka muka tsaya, ita da gora ni da zuciya a hannu, har ordinater ya ce cikinsa ya cika, naɗi ya tsaya da kansa.

Na buɗe abin da na kama. Tashoshi suka jeru. Na danna ta biyu, na ja baya.

Fili. Ganga. Sumana da Abdu a sunkuye.

Gwaggo ta yar da gorar ta durƙuso kusa da ni. Muka kalla sau ɗaya. Masu tele da kansu suka maimaita wurin a hankali, daga wata kyamara da take ƙasa-ƙasa kusa da su. Gwaggo ta dafe ƙirji. Matar da ba ta taɓa rasa abin faɗi ba, sai cewa ta yi, "Tashi mu tahi gida." A saukowa ita ce a gaba.

Mun iso ana kiran la'asar. Baba yana zaure a kan buzunsa, ya idar da alwala. Na durƙusa na ajiye ordinater a gabansa.

"Ɗauke mini wannan."

"Baba, ka gafarce ni. Ban zo da magana ba. Shi ma bai yi magana ba, bai san na zo ba. Ido kawai nake roƙo."

"Na ce ki ɗauke."

"Yaya," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa, da wata murya da ban san tana da ita ba, "ka duba. Ni na riƙe ƙarfen da hannuna."

Ya dube ta. Na danna.

Sumana ya shiga ƙarƙashin Abdu ya cicciɓe shi. Daidai inda hoton Gaya ya daskare, wannan bai daskare ba. Abdu ya yi wani yunƙuri a sama don ya kuɓuce, sai jikinsa ya juye, ƙafafu sama, kai ƙasa. Wuyansa ya lanƙwashe a ƙarƙashin ƙirjin Sumana, su biyun suna tahowa ƙasa, duk nauyin Sumana zai sauka a kai. Ana ganin fuskar Sumana, ana ganin lokacin da ya duba ya gani. Ya saki kamun da ya riga ya ci da shi. Ya miƙa hannun dama ya dafa ƙasa, gwiwa ta bi, ya tare nauyinsa da nasa jikin, hannun hagu kuwa ya tallafo ƙeyar Abdu ya juyar da shi. Abdu ya dira a kan ƙafafunsa kamar wanda aka sauke daga jaki. Alƙali ya busa.

Inna tana tsaye bayan labule, na ga ƙafafunta.

"Mayar," in ji Baba.

Na mayar.

"Ƙara."

A karo na uku ban kalli ordinater ba, Baba na kalla. Hannunsa mai lafiya ya tashi a hankali, ya kai bayan wuyansa, ya tsaya a wurin da yake karkace. Tun da nake ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba, sai ranar. Bai share ba, ya bar su suka bi gemunsa.

"Wanda ya ɗaga ni a Yelu," ya ce, "shi ma ya gani. Na ga idonshi. Ya gani, bai saki ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Na tambayi yaron ga har sau biyu. Ni na ɗaure mashi baki da hannuna, kuma na kore shi don bai kwance ba." Ya ɗago ya dube ni. "Ina shike?"

Sai a lokacin na tuna da wayata. Na zaro ta daga jaka. Saƙo ɗaya, ya shigo tun muna kan tudu:

"Direba ya ce ba za a jira la'asar ba, ana haɗa ayari a shingen sojoji na bakin gari. Mun taso. Ki yafe mini, Ajuma. Ki gaida Baba."

Na kira. Tana ringi ba a ɗauka. Na sake kira, aka ce ba a samunsa. Na karanta wa Baba saƙon.

Ya dafa bango ya miƙe. "Salamatu, miƙo mini takalmina. Ke kuma fita ki tsayar da kabu-kabu biyu."

Inna ta banko labule. "Malam, babur? Da wuyan naka? Ka aika wani mana!"

"Da aike na mayar da goro," in ji Baba. "Wannan da ƙafata za ni."

Ɗan kabu-kabun da ya ga wanda zai ɗauka sai da ya sauko ya durƙusa. Ni da Gwaggo muka ɗora Baba, na ɗauki hannunsa na hagu na zagaya shi a ƙugun direban, na ɗaure da mayafina don kada ya zame. Na hau na biyu, ordinater a ƙirjina, na rungume shi da hannu biyu. Gwaggo tana tsakiyar titi tana ɗaga wa duk wanda ya tsaya kallo murya: "Ku je ku faɗa a kasuwa, ba a saye shi ba! Ni na gani!"

Muka kama hanyar Dosso. Kowane rami babur ɗin gaba ya faɗa, ina ganin bayan Baba yana ƙanƙancewa, amma ko sau ɗaya bai ce a rage gudu ba. Ina riƙe da waya ina ta kira, ba ta shiga.

Masu karatu, tun da aka kafa shingen nan na bakin gari ba ranar da ban yi masa tsaki ba. Ya sa kayana sun kwana a hanya, ya sa matan Yelu sun iso kasuwa bayan an watse. Amma ranar, a bayan babur, iska tana fizgar kallabina, ga abin da nake faɗa da ƙarfi har ɗan kabu-kabu ya waiwayo: Ya Allah, ka sa sojan da yake bakin shingen nan yau ya zama mai nawa. Ka sa ya sauke su duka, ya bincike buhu ɗaya-ɗaya, ya nemi takardar kowa, ya karanta ta daga sama har ƙasa.

Muna shan kwanar ƙarshe na hango bayan manyan motoci a jere. Ta gaba ta riga ta fara motsi.